Ruwan da Kaka Bai Rufe Ba

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma kowa ya nufa. Kaka, mahaifin Babana, ya riga mu isa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinmu na Garki, nesa da ruwan da ya yi duk rayuwarsa a bakinsa. Kafin la'asar an kai shi, an rufe shi a tsakiyar mutanen da bai taɓa gaisawa da ko ɗayansu ba.

Mutane sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Ogan Baba na ma'aikata ya zo yana tuƙa kansa da kansa, tunda direbansa ne ke zaman makoki. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam," ya duba wayarsa, ya tafi. Kaka ba malami ba ne, masunci ne, amma babu wanda ya gyara masa. Matan layinmu na kasuwar Wuse sun rufe rumfunansu sun zo, su kam kukansu na gaske ne, don tsohon ya sha ba su dariya. Maƙwabciyarmu mai sayar da doya ta shigo da kular shinkafa tana ta cewa da tsintacciyar Hausarta, "Baba ɗin nan tana da kirki fa, kullum sai ta tambaye ni ciwon ƙafana." Kowa dai kirki, kirki, kirki. Na ji kalmar nan har ta gundure ni.

Mutanen garinmu sai washegari suka iso, mota ɗaya maƙil, ƙafafun wandunansu duk taɓo. Su kaɗai ne ba su ce kirki ba. Bayan "ya haƙuri" da addu'a, wani tsoho mai ido ɗaya, abokin sana'ar Kaka tun suna samari, ya matsa kusa da Baba ya yi ƙasa da murya. Ina bakin ƙofa, na ji shi sarai.

"Ya ce wani abu a kan ruwa?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi.

A cikin gida kuwa, Gwaggo, ƙanwar Baba, ko mayafi ba ta cire ba ta nuna ni da yatsa a gaban mata. "Ke ce. Bakin nan naki ne ya ƙarasa mana uba." Umma ta ce, "Haba Gwaggonsu, yau ba ranar wannan ba ce." Ni ban ce komai ba, abin da ya ba kowa mamaki. To yanzu zan ce. Ba don in wanke kaina ba, ban ga dauɗar da zan wanke ba. Don kada a binne mutumin nan da kalmar kirki kawai, a manta da abin da ya mutu yana roƙo.

Garinmu yana can arewa sosai, inda kwalta ta ƙare ake ci gaba da bin sawun amalanke. Tafkin kuwa ba wani babba ba ne. Idan ka tsaya a gindin gawon da ke bakinsa ka ƙwala kira, wanda ke ɗaya gaɓar zai amsa maka. Amma shi ke ciyar da garin, shi kuma ke ciyar da mu a nan Abuja. Kifinsa Umma ke sayarwa a Wuse, banda, ana aiko mata a kwali ta hannun direbobi. Ni ma tun da na gama sakandare a rumfar nake wuni. Matan manyan ma'aikata har aike suke yi musamman, a ce na tafkin nan ake so, ba wanda aka kiwata a ramin siminti ba.

Kaka shi ne Sarkin Ruwa. Kada a ji sarki a zaci wani abu. Ba rawani, ba albashi. Aikin guda ɗaya ne. Idan ruwan farko na damina ya sauka, tarwaɗa ta cika da ƙwai ta fara neman ciyawar da za ta zuba, sai ya ɗauki doguwar sanda ya shiga tafkin daidai saitin gawo, har ruwa ya kai masa gwiwa. Ya kafa ta, ya ɗaura mata igiyar kaba da ya tufka da hannunsa. Daga ranar an rufe ruwa. Ba taru, ba koma, ba fatsa, sai an yi girbi ya je ya kwance. Amma kafin ya shiga akwai abin da yake fara yi. Zai ɗauko komarsa, ta gidansa, ya rataye ta a reshen gawon, inda kowa zai gan ta tana shan rana da ruwa har ƙarshen damina. Haka al'adar take. Gidan mai rufe ruwa ne ke fara rasa kifi a miya. Abin da ya sa ake jin maganarsa ke nan, babu wani asiri.

Ina ƙarama ana kai ni hutu can. Shi ya raɗa mini suna Tsage, sunan wani kifi mai haƙora a waje da ba ya barin komai ya gifta bai ciza ba. Da na sauka daga mota zai ce, "Ga matata Tsage ta iso, yau kunnena ya shiga uku. Da zan sake ki da na huta, amma wa zai kwashe ki?"

In ce, "Ni ma ban ga abin da zan yi da tsoho mai ƙarnin kifi ba."

Ya yi dariya har ya riƙe gwiwa. Idan ba da ni ba, ban cika ganin haƙoransa ba. Mutum ne mai wuyar sha'ani, wannan ita ce gaskiyar.

Wata damina ina can, aka kama Baffa, ƙanin Baba, wanda ya zauna a garin ya gaji sana'ar. Ya shiga ruwa bayan an rufe, kuma ba da koma ba, da gidan sauro irin wanda ake raba wa mata masu ciki, ya ɗinke biyu wuri ɗaya. Ramukan gidan sauro ko ɗan tsaki ba sa bari ya wuce. Kaka ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zazzage abin da aka kamo. Wasu ba su kai ɗan yatsana ba, a lokacin ma ina yarinya. Ya ɗauki ɗaya ya kai wa Baffa daidai hanci.

"Mene ne wannan?"

Baffa ya ce, "Kifi ne, Baba."

"Ba kifi ba ne. Baɗi ce. Baɗi ka kamo za ka ci bana."

Ya ƙyasta ashana ya ƙone gidan sauron a gaban duk unguwa. Baffa magidanci da 'ya'yansa, ya tsuguna yana share hawaye da hula. Ba su sake magana ba sai da aka buɗe ruwa.

A wannan daminar dai, Kaka ya tsinci gura, wato tarkon kifi na saƙa, an ɓoye a cikin ciyawa. Ya san mai shi, wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar mata yara. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ɗauke tarkon ya rataye a ɗakinsa, sannan duk ranar kasuwa sai in ga ya ɗebi gero a rumbunsa ya fita da shi a ƙarƙashin riga. Ranar da aka buɗe ruwa ya mayar mata da abinta, ya ɗinke duk inda ya yage. Ni kuwa ban iya gani in yi shiru ba. Na ce, "Kaka, na ɗanka ka ƙone, nata ka gyara. Wannan wane irin hukunci ne?"

Ya ce, "Shi yana da gona. Kuma ɗana ne."

Idan yana lissafa kifayen tafkin, kamar yana lissafa 'yan'uwansa da suka mutu yake yi. Giwan ruwa ta ɓace tun kafin a haifi ubanki, in ji shi. Yauni ya bi ta. Ragon ruwa na ƙarshe shi ya kama shi da hannunsa, kuma ya ce da ya san shi ne na ƙarshe da ya mayar. Saura tarwaɗa da karfasa, su ma kowace shekara ƙanƙancewa suke. Ciyawar kacalla ta cinye rabin tafkin. Kogin da ke zubo masa ruwa ba ya zuwa kamar da. Masu noman rani sun jera injina a gaɓa suna zuƙa. Yana cewa, "Waɗannan duk ba ni da iko a kansu. Hannun mutum kaɗai nake iya riƙewa. Wannan ruwan ƙarami ne, Tsage, ba kogi ba ne da zai kawo mana wasu daga wani gari. A yanzu yadda ya koma, aka ci uwa da ƙwanta damina ɗaya, an gama."

Da ranin bana ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta bi. Baba ya je ya ɗauko shi kusan da ƙarfi. A asibiti aka ce ƙoda ce, sai an riƙa wanke masa jini kowane mako, kuma babu maganar komawa garin da ko lantarki babu. Ya ce to, ya ji, amma kafin ruwan farko zai koma. Baba ya ce, "In sha Allahu, Baba." Kowa ya san irin wannan in sha Allahun.

Abuja ba ta burge shi ba ko kaɗan. Ruwan famfo ya ce matacce ne. Ran da Baba ya zaga da shi ya ga tafkin Jabi, ya daɗe yana kallo ta gilashin mota, sannan ya ce, "Wa ke rufe wannan?" Baba ya ce ba a rufe shi. Ya ce, "To mu tafi." Lokacin da yake da ɗan ƙarfi yakan bi mu rumfa ya zauna a kan benci, ya riƙa lalata mana ciniki. Wata hajiya ta ɗauki kifin kiwo na wata maƙwabciyarmu, ya ce mata, "Hajiya, wannan bai taɓa ganin ruwa ba, a bokiti ya girma." Matan layin suka fashe da dariya, har mai kifin.

Amma babban aikinsa kwali ne. Duk kwalin da ya iso daga gida, ba a kai shi kasuwa sai an ajiye a gabansa. Ya ɗauki tarwaɗa ya auna da tafin hannunsa, ya shinshina, ya karya ta ya duba cikinta. Daga nan zai gaya maka gefen da aka kamo ta, da irin itacen da aka yi bandar da shi, wani lokaci har da wanda ya kama. Haka yake jin labarin gida. Waya ba ta dame shi ba, ya ce mutum na iya yi maka ƙarya a waya.

Sai aka yi ruwan farko a Abuja. Ina dawowa daga kasuwa na tarar ya naɗe tabarmarsa, ya sa kayansa a buhu, yana zaune a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Baba ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, ruwan Abuja daban ne. Nan damina tana riga ta gida da nisa. Can ko gajimare bai haɗu ba. Da saura."

Gaskiya Baba ya faɗa. Kaka ya sa aka kira gida, aka ce rana ce ƙwal. Ya kwance buhunsa.

Matsalar ita ce maganar ta yi wa kowa daɗi. Duk ran da aka yi ruwa ya ɗaga kai, sai a ce masa ruwan Abuja ne, can da saura. Aka yi ta faɗa har ta daina zama gaskiya. Ruwa ya sauka a gida, aka yi shuka, gero ya tsiro, mu kuma muna nan muna cewa da saura. Baba ya tara mu ya ce duk wanda ya gaya wa Kaka gaskiya shi ya sani. Baffa a waya ya ce, "Rana ce nan, Baba, ka kwantar da hankalinka." Kwalaye kuwa ba su fasa zuwa ba, a lokacin da kowace shekara suke tsayawa. Har sun fi na da yawa. Umma ta daina kawo su gida, ta ce direba ya riƙa sauke mata a kasuwa kai tsaye. Kaka ya tambaya, aka ce hanya ce ta lalace.

Wata rana ruwa ya hana kasuwa ci, muka tashi da wuri, na dawo da ragowar kaya a kwali don kada su jiƙe. Na ajiye a tsakar gida na shiga cire kaya. Ko da na fito yana tsugune a gaban kwalin, mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa banɗaki. Ya karya tarwaɗa ɗaya. Ya karya ta biyu. Ya karya ta uku. Duk cikinsu ƙwai ne dam, ya bushe ya dunƙule kamar gero. Ya zura hannu ƙasan kwalin ya ɗebo ƙananan da ake cika awo da su, irin waɗanda ya taɓa zazzagewa a tabarma.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tsage."

Na ce, "Na'am, Kaka."

"Ke ba kya iya ƙarya, shi ya sa ba ki da farin jini. An yi ruwa a gida?"

Umma tana bayansa tana girgiza mini kai. Na ce, "An yi. Har an yi noman farko."

"Wa ya rufe?"

"Ba wanda ya rufe."

Wannan ita ce maganar da Gwaggo ta ce ta kashe shi. Kifin ya riga ni faɗa. Ni dai ban ce masa idonsa ne ke masa gizo ba, kuma ko yau aka sake tambayata abin da zan ce ke nan.

Da Baba ya dawo aka yi ta. Ban taɓa ganin Kaka yana roƙo ba sai ranar. Ya ce a sa shi a mota, ko a bayan ta kaya ce. Ya ce kwana ɗaya kawai, ya kafa sanda ya dawo. Baba ya ce, "Baba, likita ya ce idan ka tsallake wanki ɗaya ba za ka kai ba. Hanyar nan wuni guda ce, ga taɓo. A hanya za ka mutu."

"To in mutu a hanya mana! A nan ɗin me nake yi?"

"Ba zan ɗauki ubana in kai shi ga mutuwa saboda kifi ba."

"Saboda kifi," in ji Kaka. Ya dube shi daga sama har ƙasa. "Da me aka yi maka kuɗin makaranta? Da me ka koyi tuƙin da kake taƙama da shi?"

Baba ya tashi ya fita. Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Shi ma ubansa yake so.

Aka kira Baffa, na riƙe wa Kaka wayar a kunne. Ya ce, "Na ba ka sarautar ruwan. Je ka kafa sandar, na yafe maka komai." Muna jin muryar Baffa tana fitowa. Ya ce, "Baba, ba sandar ce ke da wuya ba. Idan na kafa sai na rataye komata. Hatsin bara ya ƙare tun kafin azumi. Yara me za su ci? Kuma ko na rataye, wa zai ji maganata? Kowa ya san ni aka ƙone wa gidan sauro." Kaka ya ture wayar da bayan hannu.

Ni ma ban tsira ba. Ya juyo kaina ya ce kada a sake sayar da kifin nan a rumfarmu, haram ne a gidansa. Na ce, "Kaka, wankin jinin da ake maka da me kake zaton ake biya? Albashin Baba ko kuɗin haya ba ya kaiwa. Kifin nan mai ƙwai shi ke riƙe da ranka."

Ya dubi kwalin. Sannan ya ce, "Ashe ni ne ke cin baɗin." Umma ta ce in fita in ba su wuri, na fita.

Washegari ya kira ni kamar ba abin da ya faru. "Matata, aike zan yi miki. Kaba nake so, ta goruba." Na ce a Abuja? Ya ce garin da ake sayar da kifin bokiti ba zai rasa kaba ba. Na zaga Wuse kaf, na je kasuwar Garki, babu. Daga ƙarshe na sayi tabarmar kaba wurin wani ɗan arewa mai talla a bakin titi, na kawo masa na ce iyakar abin da na samu ke nan. Ya juya ta ya ce, "Ta yi." Ya zauna yana warware ta zare zare, yana jiƙawa a roba, yana tufka a cinyarsa. Yatsunsa sun kumbura, kabar tana suɓuce masa, ya sake ɗauka. Aikin da a da yake gamawa kafin a sauke tuwo ya ɗauke shi kwanaki. Asibiti kuwa ya ci gaba da zuwa, bai yi gardama ba, amma ya daina magana a mota, kuma duk miyar da ya ji ƙamshin banda a ciki sai ya ture kwanon.

Da ya gama igiyar ya naɗe ta ya miƙo mini. Na ce, "Ni in yi me da ita? Mace ba ta kafa sanda."

Ya ce, "Na sani. Amma ke kina da baki."

Bayan wannan bai daɗe ba. Ranar Talatar ana yayyafi, ya ce a buɗe masa taga. Ya ce, "Wannan na Abuja ne ko?" Ban san ko tsokana yake yi ba. Na ce, "Na ko'ina ne, Kaka." Na je ɗauko masa kunu, na dawo na tarar Umma tana masa kalmar shahada.

Ranar sadakar uku Baffa ya sa aka shigo da wani kwali da suka zo da shi, ya ce gudummawarsa ce, a yi miyar sadaka. Ni na buɗe. Babu tarwaɗa ko ɗaya da ta kai tafin hannuna. Duk 'yan mitsi-mitsi ne, an shanya su sun manne da juna. Wato manyan ma sun ƙare, an koma kan 'ya'yan. Da wannan za a yi wa Sarkin Ruwa sadaka.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauko igiyar, na ɗauki kwalin, na fita har rumfar da maza ke zaune. Gwaggo tana bayana tana cewa, "Ku riƙe yarinyar nan!" Na dire kwalin a gaban Baffa, na ɗora igiyar a kai.

Na ce, "Baffa, ga saƙonka. Da yatsu kumburarru ya tufka ta."

Baba ya ce, "Ke! Koma ciki."

"Zan koma, Baba. Baffa, ka ce ba wanda zai ji maganarka. To ga su nan zaune, manyan masuntan garin. Tambaye su."

Tsohon nan mai ido ɗaya ya miƙa hannu ya ɗauki igiyar, ya bi tufkar da babban yatsa, ya ce, "Hannunsa ne." Ya ajiye ta a cinyar Baffa. Baffa bai taɓa ta ba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ke a Abuja kike, 'yata. Magana ba ta miki wuya. Mu mu rataye koma, ku kuma ku ci gaba da karɓar kwali wurin wasu."

Rumfar kifin ba tawa ba ce. Sai na ji muryar Umma daga bayan labule, matar da ban taɓa jin ta yi magana a gaban maza ba.

"A gaya wa direbobi kada a sake kawo mini kwali sai an buɗe ruwa. Ko na waye."

Baba ya juya ya kalli labulen. Ya fi kowa sanin abin da wannan ke nufi a gidanmu. Baffa ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya cusa ta a aljihun babbar rigarsa. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Miyar sadaka da kuka aka yi ta, ba kifi.

Yanzu rumfarmu kifin bokiti muke sayarwa, irin wanda Kaka ke zagi. Hajiyoyin sun daina aike. Wata ta zo da kanta ta shinshina ta ce mun lalace. Akwai ranar da muke wuni ba mu yi cinikin da zai mayar da mu gida a mota ba, mu taka. Mai gidan da muke haya ya fara zuwa gaisuwar da ba ta ta'aziyya ba. Gwaggo har yau ba ta ɗaga wayata.

Kwanaki suka wuce ba labari. Na kira Baffa ya fi a ƙirga, ba ya ɗauka. Sai ran nan da azahar ina rumfa wayata ta yi ƙara.

Ya ce, "Na rataye komata."

Na tashi tsaye. "Sandar fa?"

"Na kafa. Amma ba a inda yake kafawa ba. Saitin gawo yanzu ƙasa ce, akuya ke kiwo a wurin. Ga damina ta yi nisa, ruwan bai iso ba. Sai da na yi tafiya cikin kacalla kafin ya kai mini gwiwa. Daga gindin gawo da ƙyar ake hango igiyar."

"Akwai sauran kifi a ciki?"

"Ban sani ba. Na tsaya na daɗe ban ga ko ɗaya ya motsa ruwa ba. Tsohon nan mai ido ɗaya ya ce wataƙila wasu sun ɓuya a cikin ciyawa inda gidan sauro ba ya shiga. Wataƙila."

"Mutane fa? Akwai wanda ya shiga?"

Ina jin kukan yaro a bayansa. Ya ce, "Yau dai ba kowa."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa zafin ransa, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya so ya kwanta a bakin ruwansa bai samu ba. Mu da ya bari, Allah ya ba mu abin da za mu ci kafin girbi. Kullum da azahar ina kiran Baffa, ya gaji da ni, ya ce na fi Kaka naci. Tambaya ɗaya nake masa. Jiya ma ya ce yau dai ba kowa.